Mun Sayar Da Na Gaskiya Da Araha, Muna Sayen Jabu Da Tsada

A hutun damina da ya wuce, ɗan wana ya shigo gidana a Madawa bayan sallar la'asar, ɗauke da wani abu naɗe cikin tsohon zane, ya tallabe shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Yaro ne mai BAC, ya yi shekara uku yana ci-rani a Abijan, kuma ba a taɓa kawo mani ƙararsa ba. Ya zauna, ya waiga ko akwai mai jin mu, sannan ya warware zanen. Faifan garmaho ne, baƙi, mai faɗi, da farar takarda a tsakiyarsa. An rubuta a kanta da biro: Alhaji Mamman Shata, 1974, sai kalmar TEST da manyan baƙaƙe.

Ya ce, "Baba, wannan shi ake kira faifan gwaji. Waƙar da ke ciki ba a taɓa fitar da ita kasuwa ba. Guda biyar kaɗai aka buga a duniya. Turawa na neman irinsa da miliyan."

Na tambaye shi nawa ya biya. Ya ce jika 75, kuma da ƙyar mai shi ya sallama, don shi ma matsuwa ce ta kama shi. Na ce to ka saurare shi? Ya ce a'a, mutumin ya gargaɗe shi kada ya ɗora masa allura, wai duk sawa ɗaya tana rage masa daraja. A nan gabana ya faɗi. Duk mai hana ka ɗanɗana abin da yake sayar maka, ya san abin da ya zuba a ciki.

Na ɗauko tsohon garmahon mahaifinmu, muka sa batir, muka ɗora faifan. Muryar Shata ce, babu shakka. Sai dai waƙar ba sabuwa ba ce ga kowa: duk wanda ya haura shekara hamsin a Adar ya ji ta a rediyo har ya gaji. Na sa farce a gefen farar takardar, ta ɗago, ga busasshen gam a ƙarƙashinta. Muka jiƙa tsumma muka ɗan dadanna, takardar ta saɓule, sai ga tambarin kamfani na yau da kullum, irin wanda aka buga dubbai. A gefensa akwai sunan wani bawan Allah da ajami, tawadar ta koɗe. Faifan mahaifin wani ne, aka saye shi a banza, aka sa masa farar riga, aka sayar wa ɗana da kuɗin tunkiya.

Ban yi wa yaron faɗa ba, domin ba ni da bakin yi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi ci-rani a Kumasi da Legas kamar yawancin Adarawan zamaninsa, kuma abin da ya fi alfahari da shi cikin tsarabarsa shi ne garmahon nan da sanduƙin fayafai kusan 40. Bayan rasuwarsa na ɗauki garmahon da fayafai 6, sauran suka zauna a zaure ƙura na cin su. Wata rana wani mai babur, cikin masu yawon sayen tsofaffin kwanoni da takubba da kuɗin da, ya taya sanduƙin jika 3. Ina tsaye aka sallama. Ni malamin makaranta, mai shekara fiye da ashirin a aji, ban buɗe shi na rubuta ko sunan faifai ɗaya ba. Har daɗi na ji an rage mana tarkace.

Ku haɗa lissafin da kanku. Gida ɗaya ya sayar da fayafai na gaskiya fiye da 30 a kan jika 3, ya dawo ya sayi na ƙarya guda ɗaya a kan jika 75. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wannan rubutu ba don in tsine wa ɗan damfara nake yin sa ba, shi sana'arsa ke nan, hisabinsa na wurin Allah. Da mu nake, malamai da iyaye na Madawa da Buza da Kaita, mu da muke yaye yara masu takardar shaida waɗanda ba su iya yi wa abu tambaya ɗaya kafin su gaskata shi.

Bari in fara da abin da ya sa tsohon faifai ya koma kuɗi, don da yawa daga cikinmu na zaton zamaninsa ya shuɗe tun da kaset ya zo. A can waje ya dawo. A Amurka, a shekarar 2022, an sayar da fayafan garmaho kusan miliyan 41, CD kuma miliyan 33, karo na farko da faifai ya wuce CD tun 1987. Cikin masu sayen akwai waɗanda sana'arsu da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin fayafan Afirka. Misali sananne shi ne William Onyeabor na Inugu a Najeriya, wanda ya buga fayafansa da kansa daga 1977 zuwa 1985, aka manta da su, sai masu tarawa suka tono su, farashinsu ya yi sama, kwafin sata ya shigo kasuwa, kafin kamfanin Luaka Bop na Amurka ya fitar da su da izininsa a 2013. Inda duk kuɗi ya taru, jabu na nan tafe a baya.

Mu ma muna cikin wannan kasuwa, ko mun sani ko ba mu sani ba. Kamfanin Ocora na rediyon Faransa ya fitar da fayafan kiɗan Nijar tun shekarun 1960. Kamfanin EMI ya buga Shata a Najeriya. Kaset ɗin Mamman Sani mai ogan, wanda aka ɗauka a Yamai a 1978, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya mayar da shi faifai a 2013. Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya yi ta cigiyar mai waƙar har ya same shi. Ku lura da wannan: baƙo ne ya tsaya ya tambaya, "Wa ya yi wannan?" Mu muna ta turawa kawai.

To, mene ne faifan gwaji, kuma me ya sa ake ruɗin mutane da shi? Sai an san yadda ake yin faifai kafin a gane. Da farko ana yanka sautin da wata allura mai kaifi a kan farantin alminiyam da aka shafe da wani fenti mai laushi. Daga wannan faranti ake fitar da hatimin ƙarfe, ɗaya na fuskar farko, ɗaya na ta biyu. Sai a sa curin roba mai zafi tsakanin hatiman biyu, inji ya matse, faifai ya fito. Kafin kamfani ya buga dubbai, yakan buga ƴan kaɗan, wani lokaci 5, wani lokaci 10 ko fiye da haka kaɗan, a aika wa mawaƙi ko mai kamfani su saurara: allura na tsalle? Akwai ƙara? Waƙoƙin sun zo a jere yadda aka tsara? In sun amince, a buga sauran. Waɗannan ƴan kaɗan su ne fayafan gwaji. Galibi farar takarda ce a tsakiyarsu, da rubutun hannu ko ɗan hatimin masana'anta, kuma ba su da riga mai hoto.

A nan matsalar take. Ƙarancinsu ya sa suna da tsada, rashin adonsu kuma ya sa babu abin da ya fi su sauƙin kwaikwayo. Mai son yin jabun faifai na kasuwa sai ya kwaikwayi hoto da launi da rubutun kamfani. Mai son yin jabun na gwaji, farar takarda da biro da labari mai daɗi kawai yake bukata.

Ga abin da ya kamata ɗana ya duba, kuma babu ko ɗaya da ke bukatar kayan aiki fiye da ido da kunne da hasken rana.

Na farko, takardar tsakiya. A masana'anta ba a liƙa ta da gam. Ana sa ta cikin inji tare da robar, zafi da matsi su haɗe su su zama abu ɗaya. Shi ya sa farce ba ya ɗaga ta, kuma da'irar da hatimi ya bari tana bayyana a jikinta. In ka ga gefe ya ɗago, ko kumburi, ko alamar gam, ko inuwar wani rubutu daga ƙasa in ka karkata faifan ga rana, to daga baya aka ɗora ta. Akan samu ɗan ƙaramin tambari da aka manna a kan farar takarda ta asali, wannan daban. Amma takarda sukutum a kan wata takarda, rufa-rufa ce.

Na biyu, lambar da ke jikin robar kanta. Tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya akwai ɗan fili mai santsi. Karkata faifan ga haske, za ka ga lambobi da haruffa, wasu an buga su da ƙarfe, wasu an zana su da hannu. Wannan ita ce takardar haihuwar faifai, domin tun a farantin farko aka yi ta, kuma duk faifan da ya fito daga hatimin nan yana ɗauke da ita. Masu tara fayafai suna da rumbu a intanet mai suna Discogs, inda ake rubuta irin waɗannan lambobi, kowa na iya dubawa da wayarsa. Sai dai a yi hankali da abin da lambar ke tabbatarwa. Faifan gwaji na gaskiya, in an amince da shi, lambarsa ɗaya ce da ta waɗanda aka sayar a kasuwa, tun da hatiminsu ɗaya. Saboda haka dacewar lamba ba ta isa ta nuna cewa na gwaji ne. Abin da take rushewa shi ne labarin "ba a taɓa fitar da ita ba". In lambar ta faifan da ke kasuwa ce, to waƙar ta fita, mai sayarwa ya yi ƙarya, kuma wanda ya yi maka ƙarya ɗaya a ciniki kada ka jira ta biyu.

Na uku, sauti. Akwai jabun da ake bugawa sabo ful, daga kwafin wani faifai ko kaset. Irin wannan sautinsa yakan dushe, kamar hoton da aka sake ɗauka daga hoto. Wani lokaci za ka ji ƙaras-ƙaras na tsufa alhali fuskar faifan tas take, ba ƙarzuwa ko ɗaya. Wannan tsufan na faifan da aka kwafa ne, ya biyo waƙar. Lambar da ke jikinsa ma takan tona asiri: inda na asali ke da lamba bugun ƙarfe, jabu yakan zo da zanen hannu mai karkace, ko lamba mai dishi-dishi. Akwai kuma waɗanda ake yankawa ɗaya-ɗaya a kan farantin roba da ƙaramin inji, ba su taɓa shiga injin matsi ba. Su ma takardarsu liƙi ce, kuma sautinsu yakan yi ƙasa.

Na huɗu, shekaru. Kowane abu da zamaninsa. Tsofaffin fayafai masu nauyi da saurin fashewa, masu juyi 78 a minti, da wani ƙaro aka yi su wanda ake samu daga ƙwaro a Indiya. Faifai mai faɗi na roba, mai juyi 33 da sulusi, kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948. Ƙaramin mai juyi 45, RCA Victor ne ya kawo shi a 1949. Faifan sitiriyo bai bazu a kasuwa ba sai 1958. Duk wanda ya kawo maka faifan roba mai waƙoƙi da yawa ya ce bugun 1940 ne, tarihi ya ƙaryata shi kafin ka buɗe baki. Haka takarda fara fat a kan abin da aka ce ya shekara 50 a ɗakin ƙasa, ko wadda aka rina da ruwan shayi ta yi ja bai-ɗaya alhali tsufa na gaskiya ba ya zuwa daidai-wa-daida.

Na biyar, kuma shi ne babba: ta hannun wa ya biyo? Faifan gwaji ba ya faɗowa daga sama. Masana'anta ta ba mawaƙi, ko mai kamfani, ko gidan rediyo. Daga nan ya je hannun wa? Wane ne ya gaje shi? In mai sayarwa ya ce "wani tsoho ne ya ba ni", ka ce wane tsoho, a wane gari, me ya haɗa shi da Shata? Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya ta uku takan kai ƙarshensa.

Wannan na biyar ɗin ya kamata ya ba mu kunya, domin ba ilimin Turawa ba ne. Namu ne. Malaman hadisi sun gina fanni guda a kan tambayar nan: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya, an san shi da gaskiya? Duk ɗalibin zaure ya san isnadi, ya san akwai ingantacce, akwai mai rauni, akwai ƙirƙirarre. A Suratul Hujurat an umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Manomin albasa ma ya san wannan ba tare da littafi ba. Je ka kwarin Tarka ko Galmi ka ga yadda ake sayen iri. Ba wanda zai zuba kuɗinsa don an ce masa "ɗan Galmi ne na asali". Zai tambayi gonar wa, noman wace shekara, mai hankali ma har ya ƙirga ƴan ƙwayoyi ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya jira ya ga nawa za su tsiro. Manomi na yin nasa gwajin kafin ya shuka kadada. Ɗansa mai BAC ya ba da jika 75 bai ɗora allura ba. Me muka yi wa yaron nan a shekara 13 da ya yi a hannunmu?

Na san abin da muka yi masa, don ni ma na yi. Mun rubuta a allo, ya kwafa. Mun ce ya haddace, ya haddace. Ranar jarrabawa ya mayar mana da abin da muka ba shi, muka ba shi maki. Ranar da ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ta yaya aka san haka?" sai muka ce ya zauna, yana ɓata mana lokaci. A gida kuma, in ya tambayi dalili, a ce ba shi da kunya. Shekara da shekaru muna koya masa cewa abin da aka rubuta gaskiya ne, abin da babba ya faɗa ba a bincika shi. Ɗan damfara bai yi komai ba illa ya rubuta TEST a takarda ya yi magana da muryar manya. Ƙofar da muka bari a buɗe ya bi.

Kada wani ya ce wannan matsalar masu sha'awar kiɗa ce kawai. Duk shekara in jarrabawar BEPC ko BAC ta gabato, sai ka ji takarda na yawo a WhatsApp, wai tambayoyin bana ne suka fita, a turo kuɗi a samu sauran. Ku duba siffarta: ba ta fita ba tukuna, mutum kaɗan ke da ita, yi sauri kafin a gane, kada ka nuna wa kowa. Labarin faifan ɗana ne kalma da kalma. Yara na barin bita su kwana suna haddace amsar tambayoyin da ba za su fito ba, kuma wani lokaci uba ne ya ba da kuɗin. Haka muryoyin da ake turo mana, wai malam wane ne ya faɗa, wai likita ne ya yi gargaɗi, ba suna, ba rana, ba wuri. Yanzu kwamfuta na iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa, har wanda ya rasu. Gobe za a turo wa ƴaƴanmu "sabuwar waƙar" Shata, wanda ya rasu tun 1999, ko hudubar da wani malami bai taɓa yi ba. Yaron da bai iya tuhumar farar takarda ba, da me zai tuhumi wannan? Haka maganin da ake tallarsa a faranti cikin rana, haka takardar aikin ƙasar waje da ake nuna wa masu shirin ci-rani.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na ji su a ɗakin malamai.

Wani zai ce kiɗa ba abin da malami zai ɓata bakinsa a kai ba ne, wasu ma suna ganin haramun ne. Ba na jayayya da kowa a kan fatawarsa. Amma sanduƙan nan ba kiɗa kaɗai ke ciki ba. Akwai kaset na tafsiri da wa'azin malaman da suka rasu, akwai saƙon murya da ƴan ci-rani suka riƙa aiko wa iyayensu kafin zuwan salula, akwai kirarin sarakuna da jerin sunayen kakanni. Kuma Hausar da ke bakin mawaƙan da, ko ka ƙi kiɗansu, taska ce ta kalmomi da tarihi. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Da me za mu koyar da ita in mun sayar da muryoyinta wa mai babur?

Wani zai ce, ajinmu na zana ne, yara sun fi 70, littafi ɗaya mutum huɗu, kai kana zancen garmaho. Gaskiya ne, a irin ajin nan nake. Amma abin da nake nema ba ya cin ko dala. Tambaya ba ta bukatar tebur. Talaka ma shi ya fi bukatarta, domin mai kuɗi in an cuce shi jika 75 zai kwana ya manta, mu kuwa kuɗin cimakar wata ne.

Wani kuma, cikin iyaye, zai ce in ka koya wa yaro tuhuma zai raina manya. Wannan tsoro na fahimce shi, amma an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ladabi yana cikin yadda ake tambaya. Ɗalibin zaure na durƙusawa ya tambayi malaminsa a wane littafi magana take, malamin kirki kuma daɗi yake ji. Wanda ke fushi in an tambaye shi hujja, galibi ba shi da ita ne.

Ga abin da nake roƙo. Iyaye, kada a sake sayar da sanduƙi ko buhun kaset ba a buɗe ba. Ku sa yaro ɗan makaranta ya zauna da littafi ya rubuta kowane ɗaya: sunan mai murya, kamfani, lambar da ke kan takarda da wadda ke jikin roba, wa ya kawo shi gidan, daga wane gari, a wace shekara. Ku tambayi tsofaffi tun suna raye, don su ne isnadin kayan. A ajiye fayafai a tsaye, cikin inuwa, nesa da rufin kwano, domin zafinmu na lanƙwasa roba. Kada a mayar da su marufin tukunya don sunansu ɗaya da faifan kaba. In bukata ta sa dole a sayar, hakkinku ne, amma ku san abin da kuke sayarwa, ku ɗauki hotonsa, ku naɗi sautinsa a waya. In kuma abu ne mai muhimmanci ga tarihi, akwai inda aka tanada dominsa: cibiyar IRSH da cibiyar CELHTO a Yamai, wadda aka kafa tun 1968 don adana tarihin baka. Jami'armu ta Tawa ma sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, ya kuma dogara ƙwarai da abin da ya ji daga bakin tsofaffinmu, yana gwada wannan ruwaya da waccan.

Malamai, minti 15 a mako ya isa. Kawo abu ɗaya aji: saƙon murya da ke yawo, kwalin magani, takardar talla, tsohon kaset. Ka ce wa yara, wa ya yi wannan, ta yaya ya iso nan, wace alama a jikinsa za ta gaskata ko ta ƙaryata abin da aka ce? Ka bar su su yi gardama. Wani lokaci ka kawo na gaskiya, don kada su ɗauka komai ƙarya ne, wannan ma wata cuta ce. Ranar da yaro ya kama ka da kuskure, ka gode masa a gaban aji. Sannan ka tura su su zama masu ɗaukar murya da kansu. A Kaita akwai matan da suka yi aikin duwatsu a Projen Kaita tun daga 1984. A kwarin Majiya, wajen Buza, akwai waɗanda suka dasa layukan itatuwan kare iska tun daga 1975. A Tamaske da Madawa akwai tsofaffin ƴan ci-rani da suka san Kumasi da Abijan na da. Yaro ya je da waya, amma da sharaɗi ɗaya: kafin tsoho ya fara magana, yaron ya faɗi sunansa, da sunan mai maganar, da gari, da kwanan wata. Wanda ya saba sa wa nasa aikin shaida, zai nemi shaida a aikin wani.

Ɗan wana ya koma neman mutumin, lambar wayar ba ta shiga. Kuɗin sun tafi. Faifan yana wurina, tare da farar takardar da muka ɓamɓare, na sa su cikin leda ɗaya. Ran da aka koma makaranta na kai su aji, na miƙa wa yara ba tare da na ce komai ba, sai dai labarin da aka ba ɗana. Suka yi ta juya shi. Can wata yarinya daga layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba tun farkon shekara, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in guda biyar kaɗai ne a duniya, me ya kawo shi tashar mota?"

Na ce ta maimaita da ƙarfi kowa ya ji.